Badagiri: Yadda Ake Zuwa, Abin Da Ake Gani, Da Inda Tarihin Hausawa Ya Ratsa Ta Garin

Duk wanda ya ɗan zauna a Legas ya san sunan Badagiri, ko da daga bakin kwandastan danfo ne a Mile 2. Mutanenmu da yawa sun bi ta garin ba sau ɗaya ba, ba sau goma ba, a hanyarsu ta zuwa Seme ko Kwatano, amma in ka tambaye su me ke ciki sai su ce maka shataletale ne da tasha da shingayen masu kaki. Ni ma da haka na ɗauke shi. A Agege na tashi, mahaifina sana'ar shanu yake yi a kara, kuma sai da na haura shekara 20 kafin na taɓa sauka a garin, shi ma wani abokina ne mazaunin Okokomaiko ya matsa mini. Daga baya na koma sau biyu da ƙafata. Na rubuta wannan ne don masu neman inda za su kai iyali bayan Sallah, da samarin da ke son fita daga hayaniyar Legas na yini guda, da kuma wanda ke son sanin abin da ya haɗa Bahaushe da wannan gari tun kafin a haifi kakanninmu.

Ina garin yake

Badagiri, wanda za ka ga an rubuta Badagry a allunan hanya, yana ƙarshen yammacin jihar Legas, kusan kilomita 60 daga cikin birni. Daga nan zuwa iyakar Seme, inda ake shiga Jamhuriyar Benin, kimanin kilomita 20 ne. Abin da ke ruɗa baƙo shi ne, garin ba a kan teku yake kai tsaye ba. Akwai wani dogon ruwa mai kwanciya kamar tafki da ya biyo gefen teku tun daga Legas har Porto-Novo, to a bakin wannan ruwan garin yake. Sai ka haye shi, ka ratsa wani siririn tudun yashi mai cike da bishiyoyin kwakwa, sannan ka isa ainihin tekun Atilantika. Wannan tsari shi ya ba garin amfani a zamanin da: kwalekwale na yawo cikin ruwa mai natsuwa a baya, manyan jiragen Turawa na jira a gaba.

Asalin mutanen garin su ne Ogu, waɗanda aka fi sani da Egun. 'Yan uwansu na can Benin, kuma yarensu daban yake da Yarbanci, duk da kusan kowa na jin Yarbanci da Turancin buroka. Akwai kuma Awori, wani reshe na Yarbawa. Sarkin garin ana ce masa Akran. Tsohon garin ya kasu unguwa 8, kowace da basarakenta, kuma wannan rabuwa tana da amfani ga mai ziyara, domin wasu gidajen tarihin na iyalan sarakunan unguwanni ne, ba na gwamnati ba. Shi ya sa kowane gida da kuɗin shigarsa da ɗan jagoransa. Sana'ar gari kamun kifi ce da noman kwakwa da rogo, sai kasuwancin kan iyaka.

Game da shekarun garin, za ka ji magana iri biyu. 'Yan gari da masu jagora suna cewa an kafa shi tun 1425, kasuwar bayi kuma ta fara ci a 1502. Malaman tarihi da suka bi takardun 'yan kasuwar Turai kuwa sun nuna cewa Badagiri ta zama tashar ciniki ne a wajen 1736, lokacin da wani Bature ɗan ƙasar Holan mai suna Hertogh ya gudo daga yaƙin Dahomi ya kafa sansaninsa a nan. 'Yan gari suna kiransa Huntokonu, har yau kuma ana nuna kabarinsa. Ni dai na fi karkata ga magana ta biyu, amma ba na ba ka shawarar ka tsaya musu da ɗan jagora a kai, garinsu ne. Daular Oyo ta riƙa turo bayi ta nan, Dahomi ta kawo wa garin hari ta rusa shi a 1784, ya sake farfaɗowa. A 1852 sarakunan garin suka sa hannu da Ingila kan daina cinikin bayi, a 1863 kuma garin ya shiga ƙarƙashin mulkin Turawan da ke Legas.

Hanya

Mota ake shiga daga Mile 2, ko Iyana Iba, ko Okokomaiko. Titi ɗaya ne miƙaƙƙe: za ka wuce Trade Fair, Alaba Rago inda kasuwar mutanenmu take, Ijanikin, Agbara, Oko Afo, Mowo, har ka faɗa shataletalen Badagiri. Mai zuwa daga Agege ko Iyana Ipaja ya fi sauƙi ya bi ta Igando ya fito Iyana Iba. Wanda ke cikin tsibirin Legas kuma zai iya hawa jirgin ƙasan da ya fara aiki a 2023 daga Marina zuwa Mile 2. In hanya ta yi kyau awa biyu sun isa, in gosulo ya kama ka kuwa sai yadda Allah ya yi. Maganinsa ɗaya ne, ka fito bayan sallar asuba.

Abu biyu zan ja kunne a kansu, kuma ba wasa nake ba. Na farko, ka riƙe katin shaidarka na ɗan ƙasa a aljihu. Daga Agbara zuwa gaba hanyar iyaka ce, shingaye sun yi yawa, kuma mai kama da mu shi ake fara kallo. A zuwana na biyu an sauke mu a wani shinge, abokin tafiyata bai ɗauko katinsa ba, aka dage wai shi ba ɗan Najeriya ba ne, yaron da aka haifa a Idi Araba. Mun ɓata kusan awa guda a tsaye a rana kafin a bar mu. Na biyu, a hanyar dawowa kada ka yarda wani ya ba ka jaka ko buhu ka riƙe masa, ko da tsohuwa ce ta roƙe ka da Allah da Annabi. Kayan fasa ƙwauri na bin wannan titi, kuma wanda aka samu kaya a ƙafarsa shi ne mai kaya.

Daga shataletale sai ka hau acaba ko keke ka ce Marina. Wannan shi ne titin bakin ruwa, kuma yawancin wuraren da za ka gani suna jere a kansa ko a bayansa, da ƙafa ma za ka iya zaga su. Da ka sauka samari za su taso maka kowa na cewa shi ne jagora. Ka zaɓi ɗaya, ku yi ciniki ku gama tun kafin ku ɗaga ƙafa: nawa ne nasa, gida nawa zai kai ka, kuɗin jirgin ruwa na ciki ko ba ya ciki. Ka kuma tafi da kuɗi a hannu, ƙanana, don ba ko'ina turawa ta waya ke tafiya ba.

Gidajen tarihi

Ka fara da gidan tarihin gwamnati, wanda suke kira Heritage Museum. Ginin kansa tsohon ofishin Di'o ne na 1863. A ciki an jera labarin cinikin bayi daki daki, daga kamu zuwa jirgi zuwa gonakin rake na Amurka, da hotuna da zane da wasu sarƙoƙi. Ba shi ne ya fi taɓa zuciya ba, amma shi zai ba ka kan zaren, sauran wuraren sai su zo maka da sauƙi.

Gidan Mobee ƙarami ne, na iyalin basaraken unguwar Boekoh. Kakanninsu sun yi cinikin, kuma ba sa ɓoyewa, kabarin ɗaya daga cikinsu ma yana nan cikin gidan. A nan ne za a miƙo maka sarƙar wuya ka ɗaga da hannunka. Akwai marin ƙafa, akwai wani ƙarfe da ake huda leɓe a kulle baki da shi, akwai sarƙa ƙarama ta yara, da wani faffaɗan kaskon ƙarfe da ake zuba ruwa bayi su sunkuya su sha hannuwansu a ɗaure. Wasu baƙi suna rataya sarƙar a wuya a ɗauke su hoto suna dariya. Ni ban iya ba.

Wurin da na fi daɗewa shi ne gidan Seriki Williams Abass, da ake kira Brazilian Barracoon, wato kurkukun ajiye bayi kafin jirgin Barazil ya iso. Ka lura da sunan tukuna. Seriki ɗin nan kalmarmu ce, Sarki, Yarbawa suka ara, kuma mutumin Musulmi ne, shi ne shugaban Musulmin garin a zamaninsa. Bayarabe ne da aka kama yana yaro aka sayar, sunayen Abass da Williams duk na iyayen gijinsa ne. Ya samu 'yanci, ya yi dukiya, ya zama babban mai faɗa a ji a Badagiri a ƙarƙashin Turawa, ya rasu a 1919, kabarinsa na cikin gidan. Jagora zai gaya maka ɗakuna 40 ne, kowane ana cusa mutum 40, kuma an gina su a wajen 1840. In ka lissafa, daga 1840 zuwa 1919 shekara 79 ke nan, saboda haka ko dai ya yi tsawon rai ƙwarai, ko kuma wasu shekarun an ɗan ja su. Amma ɗakin ba ya buƙatar lissafi. Guda biyu aka bari don masu ziyara, sauran mutane ne ke zaune a ciki, za ka ga shanya da yara na wasa a tsakar gida. Ɗakin bai fi shagon mai shayi ba, da wata 'yar taga can sama wadda kai ba zai shiga ba. Mu shida muka shiga aka turo ƙofa, kafin minti ɗaya wata mata ta ce a buɗe.

A gidan akwai tsohuwar laima da tangaran da kwalaben barasa da ake cewa da mutane aka musanya su, laimar kaɗai wai mutum 40. A nan ne abin ya tsaya mini a wuya. Jagoran na bayanin yadda mai saye ke buɗe bakin bawa ya duba haƙora don sanin shekaru, ya matsa cinya da kafaɗa, ya sa shi ya yi tafiya a gani ko yana ɗingishi, yadda ake ware mai tari gefe, yadda ake sa wa wanda aka saya alama da ƙarfe mai zafi. Wallahi duk abin da ya lissafa na san shi, tun ina ɗan shekara 10 nake ganin ana yin sa a kara. Mai gida da ke sauke fatake, dillali, la'ada, a taya a ce albarka, a ƙara a sallama. Tsarin kasuwar ɗaya ne sak, abin da ke ɗaure a turken ne kawai ya bambanta. Da na dawo na ba mahaifina labari, ya yi shiru, can ya ce, "Ai kakata ta san wata baiwa a gidansu a Kano, har ta mutu ba ta san sunan garinsu ba."

Benen 'yan mishan da bishiyar Agia

A kan Marina ɗin dai akwai wani farin gida mai hawa ɗaya da matakalar katako, an rubuta a jikinsa cewa shi ne bene na farko a Najeriya. 'Yan mishan na cocin Angilika ne suka gina shi ƙarƙashin wani fada mai suna Gollmer, aka gama a 1845. A sama akwai ɗakin da Samuel Ajayi Crowther ya zauna, mutumin da ya jagoranci fassara Baibul zuwa Yarbanci, wanda kuma a 1864 ya zama bishop baƙar fata na farko a cocin. Shi ma bawa ne a da. An kama shi yana yaro a 1821, kuma a labarin da ya bayar da kansa, cikin maharan da suka ci garinsu akwai Musulmin Oyo da Fulani. Jiragen yaƙin Ingila suka ƙwato shi a teku. A tsakar gidan akwai tsohuwar rijiya da har yanzu ake ɗiba, 'yan gari na yaba daɗin ruwanta duk da kusancinta da ruwan gishiri.

To maganar "bene na farko" fa? A nan kam na yi wa jagora gardama, cikin raha. Baturen nan Clapperton da ya shiga Kano a 1824 ya rubuta cewa ya ga gidajen ƙasa masu matakala da ɗakuna a sama, shekara 21 ke nan kafin a gama na Badagiri. Hasumiyar Gobarau ta Katsina kuwa ta girme shi da ɗaruruwan shekaru. In aka ce bene na farko irin ginin Turawa, ba mai musu. Jagoran ya yi dariya ya ce duk Bahaushen da ya zo sai ya faɗi haka.

Kaɗan daga nan akwai wani ɗan ginin tunawa a inda bishiyar Agia take a da. A ƙarƙashinta ne Thomas Birch Freeman na cocin Methodist ya yi wa'azi a watan Satumban 1842, a nan kuma aka yi bikin Kirsimeti a Disambar shekarar. Iska ta kayar da bishiyar a 1959. Ga Kiristocin Najeriya wuri ne mai girma, za ka tarar da ƙungiyoyin coci sun zo da motoci, sai ka ba su wuri. Minti biyar ya ishe ka. Haka ma kasuwar Vlekete, inda aka riƙa cinikin bayin, yanzu sabon gini ne gwamnatin jiha ta yi a wurin, kusa da wani tsohon wurin tsafi.

Inda Hausawa suka shigo

Wannan ɓangaren ba kasafai jagora zai gaya maka ba. Clapperton ɗin da na ambata, wanda a ƙasar Hausa aka sani da Abdullahi, ya gana da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello a Sakkwato a 1824, ta hanyar Sahara ya zo. Da zai dawo karo na biyu sai ya biyo ta teku, ya sauka a Badagiri a ƙarshen 1825, ya bi ta Oyo, Busa, Kano, har Sakkwato, inda ya mutu a watan Afrilun 1827. Wanda ya yi masa tafinta a wannan tafiya Bagobiri ne mai suna Abubakar, Turawa na kiransa Pascoe. An kama shi a Arewa, aka yi ta sayar da shi hannu zuwa hannu har bakin teku, aka sa shi a jirgin bayi, sojojin ruwan Ingila suka tare jirgin, ya zama ma'aikacin jirgi a wurinsu. Ka ga mutumin da ya fita ƙasar Hausa a ɗaure, ya koma mata ta Badagiri yana tafinta.

Yaron Clapperton, Richard Lander, shi ya dawo Badagiri da takardun maigidansa. Turawan Fotugal masu sayen bayi suka kai sukarsa wai ɗan leƙen asiri ne, aka sa shi shan guba don a gwada gaskiyarsa, a wajen Vlekete ɗin nan ake nuna inda aka yi. Ya sha, ya yi sauri ya koma masauki ya sha maganin amai, ya tsira. A watan Maris na 1830 ya sake sauka a Badagiri tare da ƙanensa, tafiyar da suka bi ta Yawuri suka gangara Kwara har teku. A littafin tafiyarsu sun ba da labarin malamai Hausawa da suka tarar a garin, kuma sun ga Musulmi sun fito sallar idi bayan azumi. Ka duba shekarar da kyau. An yi idi a Badagiri da malamai Hausawa shekara 12 kafin wa'azin gindin bishiyar Agia. Saboda haka in wani ya kalle ka a garin kamar jiya ka zo, ka san abin da ka sani.

Sai ɗaya gefen, mai ɗaci. A farkon ƙarni na 19, lokacin yaƙe-yaƙen jihadi da rushewar Oyo, an gangaro da Hausawa masu yawa zuwa gaɓar nan, aka fitar da su ta Legas, Badagiri, Porto-Novo da Wida. Yawancinsu Bahiya aka kai su, a Barazil. Ba su zauna shiru ba. A 1807 hukumar birnin Salvador ta gano shirin tawaye na bayi Hausawa, a 1809 da 1814 kuma suka tashi da gaske. A babban tawayen Musulmi na Janairun 1835, wanda aka shirya cikin watan azumi, Yarbawa ne suka fi yawa amma da Hausawa a ciki, kuma an samu layu da takardu masu rubutun Larabci a jikin waɗanda aka kashe. Ba Bature ne ya je Gobir ko Zazzau ya kamo su ba. Yaƙi ne ya kama su, fatake suka gangaro da su, wasu fataken kuma da Hausa suke magana.

Tsallaken ruwa: Gberefu

In lokaci ya ƙure maka, ka bar komai ka yi wannan. Daga mashigar jirgi a Marina ake hawa kwalekwale mai inji, 'yan mintoci kaɗan ka haye zuwa Gberefu. Ka karɓi rigar ruwa ka ɗaura ta da kyau, in babu ita ko kuma ka ga an cika jirgin fiye da kima, ka jira na gaba. Yawancinmu ba mu iya iyo ba, ba abin kunya ba ne a faɗa.

Daga inda aka sauke ka, tafiya ce ta kamar minti 25 a kan yashi zuwa teku, hanyar da aka riƙa kora bayi. Ba inuwa sosai, saboda haka ka riƙe ruwan sha da hula, mata su sa takalmi mara tsini, tsoho mai ciwon gwiwa kuma gara ya jira a Marina. A tsakiyar hanya akwai wata rijiya da ake cewa an yi mata asiri, duk bawan da aka tilasta wa shan ruwanta sai ya manta gida ya daina tirjiya. Ko asiri ne, ko wani abu ake zubawa, ko kuwa yunwa da gajiya da tsoro ne suka isa su kashe wa mutum jiki, kowa da abin da zai ɗauka. Ba a shan ruwanta yanzu.

Tun kafin ka ga tekun za ka fara jin rurinsa. Sai bishiyoyin kwakwa su buɗe, ga ginin tunawa, ga ruwa har iyakar ganinka. Nan ne Point of No Return, wato inda in an kai ba dawowa. Ƙananan jirage ke ɗibar mutane daga nan su kai su babban jirgi can ciki. Ka tuna wanda aka kamo daga Katsina ko Daura bai taɓa ganin ruwan da ya fi gulbi ba. Za ka iya cin karo da baƙaƙen fata daga Amurka ko Barazil a wurin, wasu na kuka, wasu na ɗibar yashi a kwalba. Ka bar su, kada ka ɗauke su a waya.

Kada ka shiga ruwan. Na maimaita, kada ka shiga, ko zuwa gwiwa. Tekun wannan gaɓa yana da igiya mai ƙarfi, in ta dawo tana janye yashin da ke ƙarƙashin ƙafarka ne, kuma ba mai ceto a kusa. Yara a riƙe hannunsu. In lokacin salla ya same ka a can, ruwan teku ya halatta a yi alwala da shi, amma ka ɗebo a gora daga baki baki. Alƙibla kuma ba wuya: ka sa teku a hannun damanka, ka ɗan karkata hagu.

Ci, sha, da sauran abin kallo

Kifi shi ne abincin gari, ɗanye da banda, ga kaguwa da jatan lande. Amma a kula, mutanen nan suna kiwon alade suna kuma cin sa sosai, saboda haka kafin ka zauna a gidan abinci ka tambaya da me aka yi miya, ko ka nemi kifi gasasshe a gabanka. Wajen shataletale da tasha ba za ka rasa mai shayi ko mai tsire ɗan uwa ba, su ne kuma za su nuna maka masallaci mafi kusa. Kwakwa ɗanya a sare maka ka sha ruwanta ka kankare cikinta, wannan kam kada ka bari ta wuce ka. Tsaraba kuwa, man kwakwa da kifi banda da garin kwaki, a babbar kasuwar Agbalata.

Mai son zama bakin teku kawai da iyali, akwai Suntan Beach a kan hanyar Seme, da rumfunan kaba da ake haya, da dawakin hawa. Ranar Lahadi da ranakun biki akwai kiɗa da shaye-shaye, mai zuwa da mata da yara ya fi dacewa ya zo tsakiyar mako da hantsi. Akwai kuma Whispering Palms a wajen Iworo, kafin ka iso gari, wurin kwana ne da shaƙatawa a bakin ruwa mai kwanciya. In ka ci karo da wani abu kamar tarin ciyawa yana juyi a titi mutane na binsa, Zangbeto ke nan, dodon Egun, masu gadin dare na gargajiya. Ka matsa gefe, kada ka ɗaga waya sai an ce maka ka ɗauka. A lokutan biki kuma suna fito da Sato, wasu dogayen ganguna da suka fi mutum tsayi, sai makaɗa sun yi tsalle suke dukansu.

Ɗan kara ba ya zuwa wuri bai kalli shanu ba. A ƙarƙashin bishiyoyin kwakwa na gaɓar nan za ka ga wasu gajerun shanu marasa tozo, baƙi ko baƙi da fari, babbar saniya ba ta fi ɗan maraƙin bokolo tsayi ba. Muturu ke nan. Ba su da nono, ba su da girman da za a kai su Oko Oba a yi alfahari, amma suna jure sammore da cizon ƙudan tsando, abin da ke kayar da farar saniyarmu in ta daɗe a kurmi. Na tambayi wani dattijo ko yana sayarwa, ya ce sai in za a yi biki ko binne babban mutum.

Lokacin da ya fi daɗin zuwa daga Nuwamba ne zuwa Fabrairu. Yuni da Yuli ruwan sama ba ya ɗagawa, hanyar Gberefu kan yi caɓi, jirgin ma ba daɗi. Ka tsara yininka yadda za ka gama gidajen tarihi kafin azahar, ka haye ruwa bayan salla, ka dawo Marina kafin ƙarfe 4. Kada duhu ya same ka a kan ruwa, kuma in ka bar shataletale bayan ƙarfe 5, to ka sa a ranka a Agbara ko Iyana Iba za ka yi magariba da isha.